Fuskar da Madam Lin Ta Sani

Assalamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Ku gafarce ni, na san na bar ku a tsaye. Sau da yawa nakan zauna gaban kwamfutar ɗakin karatu in buɗe shafin nan, sai in ga haruffan suna iyo a idona, in rufe in tashi. Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto min cewa ina da yawan kewaye-kewaye kafin in taɓa inda ke min ciwo. Gaskiyarki, 'yar uwa. Ban taɓa rubuta wani abin da ba amsar jarrabawa ba sai wannan. To yau zan yi ƙoƙari in tafi kai tsaye.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ummu Salma. Sinanci nake karantawa a wata jami'a a nan Guangzhou. Ina zaune a Panyu, gidan yayana Muntari da matarsa Anti Habsatou, 'yar Maraɗi, da 'yarsu Madina da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Yaya ofishin kago gare shi a ginin kasuwar Tianxiu. 'Yan kasuwarmu na Kano su zo su zaɓi kaya su koma gida, shi kuma ya bi shaguna ya tattaro, ya ɗaure, ya tura musu. In na ce ya bi shaguna, ba da ƙafarsa nake nufi ba. Yaronsa Sha'aban ne ƙafarsa.

Akwai abin da sai kun gane shi kafin ku gane abin da ya same ni. A nan, tsakanin waɗanda suka saba, fuska ita ce takarda. Lawban, wato mai shago, in ya san fuskar yaronka to an gama. Sha'aban zai shiga ya ce "nihawu lawban", a zuba masa shayi a ɗan mitsitsin kofi, ya sha ya yaba, ya tambayi lafiyar yara, sai a buɗe sito a loda masa kaya cike da mota ba tare da an kira Yaya ba. Shekara biyu yana haka, ko takalmi ƙafa ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sinancinsa na titi ne, duk a karkace, in yana yi ni kaina ke ciwo, amma su dariya suke su ƙara masa shayi.

Malama Tafinta yake kirana. Dogo ne siriri, ranakun aiki farar riga mai gajeren hannu, kullum da salatif a wuyan hannunsa kamar awarwaro. Ranar Juma'a kuwa shadda ruwan ƙasa ɗaya tilo, amma gugar da take sha ko ta ango albarka.

Ranar da ya ce yana sona bai fara da so ba. Muna shagon taliya na Musulmin Sin da ke ƙasan ofis, Anti na teburin baya tana fama da Madina da ta tsoma hannu cikin romo.

"Malama Tafinta, akwai maganar da nake so ki fassara."

"Sinanci ce?"

"Hausa ce, amma mai wuya."

Ya ture kwanon gabansa gefe. Ya ce yana ɗan shekara sha tara ya kwashi wayoyi a shagon maigidansa a Kano, shi da wasu abokai. An kama shi. Ya yi shekara uku a gidan yari. Da ya fito babu shagon da ya yarda ko shara ya yi masa, sai wani ƙanin mahaifiyarsa ya nema masa hanya ya taho nan, inda babu wanda ya san shi.

"Ban ce sharri aka yi min ba. Na ɗauka. Da hannuna na ɗauka," ya ce. "In kin ji ba za ki iya ba, ki gama cin taliyarki kawai, zan gane."

Jama'a, na gama cin taliyar. Tsoro ne ya sa na rasa abin yi da hannuna. Da na ɗago na ga fuskarsa ta mutu, sai na tuna abin da ya ce, na dafe baki.

"Wayyo, ba haka nake nufi ba! Yunwa nake ji!"

Dariyar da ya yi ranar har mai shagon ya leƙo. Ita nake tunawa yanzu in na kwanta.

Shi da kansa ya je ya gaya wa Yaya, bai jira an tono ba. Yaya ya dawo gida a ranar ya daɗe zaune a falo bai cire hula ba. Can ya ce, "Yaron nan yana da zuciya. Amma Ummu, aure ba ni kaɗai ke da ke ba. Dole a yi bincike a gida kamar yadda ake yi wa kowa." Na ce to. Me zan ce? Kowace 'ya ana yi mata, a san gidan mutum, a san iyayensa. Har daɗi na ji, don bincike alama ce an ɗauki maganar da gaske.

Kawu Abdulrasheed aka ɗora wa aikin, ƙanin Babanmu, mutumin da in ka aike shi sayen gishiri sai ya binciko ramin da aka haƙo shi. Kawu bai tsaya unguwar su Sha'aban ba. Kasuwa ya shiga. Shago-shago ya bi yana gaisawa yana zama, yana cewa, "Yaron nan da ke ɗaure kaya wajen Muntari a Chana, shi ke neman 'yarmu. An ce ya taɓa zaman kaso kan sata. Ko kun san wani abu a kai?"

Ba su sani ba. Daga bakin Kawu suka sani. Kuma waɗanda ya tambaya ɗin su ne masu kayan da Sha'aban ke ɗaurewa.

Wayar Yaya ta fara ruri tun ba a kwana biyu ba. Ina kicin ina jiyo shi. "Wallahi Alhaji ko allura... Na sani Hajiya, amma ai kin ga kayanki bara... A'a, don Allah kar ki sauya, mu yi magana." Lokacin kayan sallah ne, kowa ya zuba abin da ya mallaka a takalma da jakunkuna. Wata Hajiya ta ce masa ita ba ta ce yaron ya yi mata komai ba, amma barci ba zai ɗauke ta ba in ta san ɓarawo ke rufe mata kwali.

Ranar Laraba Yaya ya sallame shi. Ya ce ya huta tukuna har ƙura ta lafa. Maganar aure kuwa ko tayar da ita ba a sake yi ba, ta mutu ita kaɗai a tsakar falo muna tsallake ta.

Abu ɗaya Yaya bai yi ba. Bai gaya wa lawban ko ɗaya cewa ya sallame shi ba. Anti ta tambaye shi, ya ce, "Haba Habsatou. In tsaya gaban baƙi in ce ɗan uwana Musulmi ɓarawo ne? Ya isa haka. A bar shi da ɗan mutuncinsa." Na ji daɗin maganar a lokacin, har na yi masa addu'a a raina. Ban tsaya na lissafa ba. Duk Bahaushen da ke Guangzhou ya sani, babu Basine ɗaya da ya sani. Duk ƙofar da zai ci halak ta cikinta an rufe, wadda aka bar masa a buɗe ita ce wadda in ya shiga ba zai fito da mutunci ba.

Saƙonnin Sha'aban suka fara gajarta. Da can sai ya cika min waya har ta ce babu wuri.

"Kin ci abinci?"

"Na ci. Ka samu wani abu?"

"Na je wajen mutum huɗu. Duk sun ce meyo."

Meyo kalmar shago ce, babu ke nan. Da ita muke tsokanar juna, in na ce ya ba ni labari ya ce meyo. Ranar na karanta ta na kifa wayar a kan filo.

Juma'ar da ta biyo na sa doguwar rigata baƙa mai duwatsu a hannu, na yafa mayafi ruwan zuma da ya taɓa cewa yana yi min kyau, na bi su Yaya masallacin Huaisheng. Bayan an idar, mutanenmu kan tsaya a bakin titin Guangta a gaisa, a ji labarin gida, a sayi tsiren 'yan Xinjiang a ci a tsaye. Ina gefe da Anti ina saɓe da Madina na hango Sha'aban ya fito cikin shaddarsa. Ya nufi da'irar da ya saba tsayawa. Babu wanda ya kore shi, kar in yi wa kowa ƙarya. Sun amsa sallama. Amma na ga wani Alhaji ya zare wayarsa daga aljihun gefe ya mayar da ita aljihun ƙirji. Na ga wani ya jawo jakarsa daga ƙasa ya rungume. A hankali suka yi, cikin hira, ba su ma san sun yi ba. Shi ya gani. Ya tsaya da hannunsa a miƙe rabi, sai ya mayar da shi ya gyara hular da ba ta karkace ba.

Mutum ɗaya ne ya taho da sauri ya kama hannunsa da hannu biyu, ya jawo shi ya rungume.

"Wa ke nan?" na tambayi Anti.

Ta taɓe baki. "Tankari. Ke dai ki bar ganin agogo da ƙamshi, ba ya da shago ba ya da ofis, amma kullum cikin sabuwar shadda. Abban Madina ko gaisuwarshi ba ya so."

Na tura saƙo tun muna cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. "A ina ka san Tankari?"

Sai da muka kusa Panyu ya amsa. "Ɗakinmu ɗaya a can."

Can. Ban tambayi ina ne can ba.

Ni dai kun san halina, in abu ya dame ni ɗakin karatu nake gudu. Na kwana biyu ina tonon rubuce-rubuce kan mutanen da suka fito daga kaso, me ke mayar da su. Na ɗauka zan ga an ce halinsu ne, a jininsu yake. Abin da na yi ta cin karo da shi bai wuce abin da idona ya gani a bakin masallaci ba. Mutum ya fito ba sana'a, ko yana da ita ba mai ba shi. Mutanen kirki su ja baya. Waɗanda ba sa ƙyamarsa su ne waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi. Waɗanda suka tsira kuwa, kusan kullum za ka tarar akwai wani mutum ɗaya da ya riƙe su, ya ba su aiki, ya sa musu ido, bai sake su ba.

Na tattaro ƙarfin halina na tari Yaya da yamma muna cin tuwon shinkafa miyar kuka. Talabijin na ta nuna shirye-shiryen wasannin Olamfik da za a yi a ƙasar nan, yara sanye da ja suna kaɗa tuta.

"Yaya, ina da magana."

"In ta yaron nan ce, ci tuwonki."

"Ba ta aure ba ce. Wallahi na haƙura da wannan in ka ce in haƙura." Na gyara zama. "Aiki kawai. Ko ba zai taɓa kayan mutane ba, ka bar shi a ofis, ya yi shara, ya ɗauki waya. Ya zamana da safe yana da inda zai je. Na karanta cewa..."

"Kin karanta." Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "A littafin naki an rubuta yadda zan yi da Hajiyar da ta ce za ta kwashe kayanta? Ummu, ni ba gwamnati ba ne. Ni ba gidan gyaran hali na buɗe ba. Mutum goma ke ci a ƙarƙashin ofishin nan, har da kuɗin makarantarki."

"Amma shekara biyu bai taɓa..."

"Na sani! Kina ji kamar ban sani ba? Ni na koya masa ɗaurin kwali."

Anti ta tsame hannu daga kwano. "Abban Madina, mi zai hana ka sa shi tare da wani? Su je su biyu, su dawo su biyu. Wanda ke tsoro hankalinshi ya kwanta, shi ko yaron ya samu na abinci. A garinmu wani ɗan ƙanwar Baba da ya fito daga kaso, haka aka yi mishi a garejin mota. Yau shi ke da garejin."

"Ku bari sallah ta wuce," Yaya ya ce. "Kaya su sauka lafiya, mutane su manta. Sannan mu gani."

"Bizarsa ba za ta kai sallah ba," na ce.

Ya tashi ya wanke hannu, tuwonsa ko rabi bai ci ba. Wannan shekarar kowa ya san yadda biza ta yi wuya saboda wasannin. 'Yan sanda a kowace kusurwa a unguwar Xiaobei, matattarar 'yan Afirka, suna duba fasfo. Da can Yaya ke tsaya masa wajen sabuntawa. Yanzu ba mai tsaya masa.

Na roƙi Sha'aban mu haɗu. Ya ce a kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Xiaobei, bayan azahar. Rana kamar ta narka mutum, rigata ta manne a bayana, mata 'yan Mali na wucewa da manyan ledoji a ka. Na same shi ya jingina da ƙarfen gadar yana kallon motoci. Ya rame. Babu salatif a hannunsa.

"Malama Tafinta."

"Ka daina bin Tankari."

"Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Ka daina bin Tankari."

Ya yi ɗan murmushi. "A ɗakinsa nake kwana, Ummu. Waɗanda muke haya tare sun ce wani ɗan uwansu zai zo, suna buƙatar katifar. Har yau ɗan uwan bai sauka ba."

"Me ya ce zai yi maka?"

"Ya ce ya san mai gyara biza."

"Shi kuma me za ka yi masa?"

Ya juya ya ci gaba da kallon titi. Can ya ce, "Kin san abin da ya fi ba ni mamaki? Alƙali da ya yanke min, ya faɗi ranar da zan fita. Na riƙe ta, na yi ta jira har ta zo. Wannan na wajen babu wanda ya faɗa min ranar ƙarewarsa. Na zo har ƙarshen duniya, ya hau jirgi ya biyo ni."

"Yaya ya ce bayan sallah..."

"Ya ce zai mayar da ni?"

Ban iya ƙarya ba, fuskata ke tona ni.

"Ya ce za a gani," na ce.

"To." Ya gyaɗa kai. "Shekara biyu ina tashi da asuba ina gaya wa kaina ni ba wancan yaron ba ne. Har na yarda. Sai ga shi kowa ya fi ni sanin ko ni wane ne. In ka ga dattawa masu furfura sun haɗu a kan magana ɗaya, sai ka fara tunanin ko kai ne ke ruɗin kanka."

"Ni fa? Ni ban haɗu da su ba."

Ya juyo ya dube ni.

"Ke ai ba ki da shago, Ummu."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da ma da gatsen ne, da na samu abin jin haushi in riƙe. Ya raka ni har tashar bas, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba don kar a yi magana, ya ɗaga min hannu. A cikin bas na yi kukan da wata tsohuwa Basiniya ta miƙo min tishu.

Daga nan na yi ta tura saƙo. "Ka yi sallah?" Shiru. "Don Allah ko harafi ɗaya." Shiru. Sai wani lokaci can ya turo, "Ina lafiya. Ki yi karatu."

Ranar Juma'ar da za a buɗe Olamfik, makaranta na hutu, na bi Yaya ofis don tun tafiyar Sha'aban ni ke ɗaukar masa wayar Sinawa. Gari ya cika da jajayen tutoci, kowane shago an kunna talabijin tun rana ana jiran dare. A ƙofar Tianxiu kaɗai na wuce 'yan sanda sun fi a ƙirga. Ofishin Yaya ɗan ɗaki ne, kwalaye har rufi, fanka ɗaya tana juya zafi. Ina zaune kan wani buhu ina cin biskit bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya miƙo min.

"Madam Lin ce, mai takalma. Ki ce mata gobe zan turo a ɗauki kayan Hajiya."

Madam Lin ta san ni, takan ce Sinancina ya fi na ɗanta. Amma yau ba ta tsaya wasa ba. Tana magana da sauri, ina jin biskit ɗin yana zama ƙasa a bakina.

Ta ce dogon yaronmu ya zo ɗazu ya kwashe takalman gaba ɗaya. Ta ba shi, don me za ta hana shi? Amma tun da ya tafi ranta bai kwanta ba. Ba da motar da ya saba zuwa ya zo ba. Akwai wani mutum mai agogon zinare a gaban motar da bai sauko ba. Kuma ta zuba masa shayi bai sha ba, ko kallon idonta bai yi ba, shi da sai ya tambayi jikin mahaifiyarta kafin ya taɓa kwali. Ta ce mijinta ya rubuta lambar motar. Yau 'yan sanda ko'ina suke, kira ɗaya ya isa a tare su kafin su fita gari.

"Abu ɗaya nake so in ji," ta ce. "Har yanzu mutuminku ne? In naku ne, shi ke nan, na yi haƙuri da damun ku. In ba naku ba ne, yanzu zan kira."

Na ce ta ɗan riƙe. Na rufe bakin wayar da tafin hannu.

Na fassara wa Yaya duka. Ban rage ko kalma ba, Allah ne shaidata. Ina faɗa ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya cire hula ya jefar kan tebur.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kayan marainiyar Allah. Matar nan da kuɗin gadon 'ya'yanta ta..." Ya buga tebur. "Sun faɗa min! Kowa ya faɗa min, ni ina ta kare shi kamar wawa!"

"Yaya, tana jira."

"Ki ce mata ba yarona ba ne. Ta kira su."

"Yaya, a yau? Ka san abin da za su yi wa baƙon da aka kama da sata a yau? Ba zai sake fitowa da..."

"Ummu Salma." Bai taɓa kiran cikakken sunana ba sai in magana ta ƙare. "Ki faɗa mata."

Sinancin Yaya bai wuce na ciniki ba. Nawa ne, ya yi tsada, babu, na gode. Na mayar da wayar kunnena. Ni da ko biron wani ban taɓa ɗauka babu izini ba. Na buɗe baki, da sauri, da irin Sinancin aji wanda na san ba zai kama ko kalma ba.

"Mutuminmu ne, Madam Lin. Mu muka aike shi. Motarmu ce ta lalace."

Ta sauke ajiyar zuciya har ina ji. Ta yi dariya ta ce tsufa ne ya fara sa ta zargi, in gaishe shi, in ce bashin shayi yana kansa. Ta kashe.

"Kin gaya mata?"

"Na yi magana da ita."

Yaya ya kifa kai a kan tebur. Na ɗauka fushi ne, sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Tun rasuwar Babanmu ban ga haka ba.

Na zame na fita baranda, na jingina da bango kusa da wani shagon gashin kanti. Na fara rubuta wa Sha'aban saƙo, na goge na sake, na goge na sake.

"Madam Lin ta kira. Yaya ya ce a kira 'yan sanda. Na ce mata kai namu ne. Ba wanda ke bin ka. Yanzu ba wanda ya san gaskiya sai ni da kai. Ka juyo da motar."

Na tsaya ina kallon wayar. Mutane na wucewa da amalanken kaya suna cewa in matsa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta yi ƙara.

"Me ya sa kika yi haka."

"Don kai namu ne."

Can wani saƙon ya shigo.

"Muna hanyar Foshan, cunkoso ya tsayar da mu. Tankari ya sauka sayen ruwa. Ummu ban san me nake yi ba wallahi."

Kafin in amsa wani ya biyo.

"In na juyo, Yaya zai karɓa daga hannuna? Ko zai ce in ajiye a ƙofa in tafi?"

Wannan ba tambayar da zan iya amsawa ba ce. Na goge fuskata da gefen mayafi na koma ciki. Yaya na nan yadda na bar shi.

"Yaya, ba abin da ka ce in faɗa na faɗa ba."

Ya ɗago a hankali, idanunsa jajur. Na ajiye wayata a gabansa tun kafin ya yi magana, na ja baya har na jingina da kwalaye, don ban san ko mari ne zai biyo ba. Ya karanta daga sama. Ya kai na ƙarshe ya tsaya a kansa, leɓensa na motsi, ya sake karantawa. Fankar na ta juyawa. A ofishin maƙwabta wani ya ƙara sautin talabijin.

"Ja'irin yaro," ya ce, muryarsa a dishe. "Ja'irin yaro kawai. A ƙofa? Ni zan bar shi a ƙofa?"

Ya danna kira da kansa, ya sa a kunne, ɗaya hannun yana laluben hularsa a kan tebur. Na matso har ina jin ƙarar shigar kiran. Ta yi ta ringi. Na shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Aka ɗauka.

"Sha'aban," Yaya ya ce da sauri, "ka ji ni, ka juyo. Ka taho ofis, ni zan sauko da kaina in..."

Na ga hular ta zame daga hannunsa.

Muryar da ta fito daga wayar ba ta Sha'aban ba ce. Mai kauri ce, a sake, kamar ta wanda ya gama shan ruwan sanyi, kuma a bayanta ina jin injin mota ya tashi.

"A'a, Alhaji Muntari da kansa?" in ji Tankari, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Sai yanzu aka tuna da shi?"